Ƙaramin SSD a kwamfutar injin sassaƙa: ya ci kuɗinsa, amma a sayi biyu

Gyaran kwamfuta nake yi a nan Sakkwato, sai dai rabin waɗanda ke wucewa ta hannuna ba na ofis ba ne. Na shago ne: wadda ke tuƙa injin sassaƙa ƙofa da kan gado a wurin kafinta, wadda ke jan injin yanka sitika, wadda ke tura wa firintar bana aiki. Yawancinsu tsofaffin Dell OptiPlex ne da HP na hannu, masu Windows 7, wasu ma XP. An cusa su ƙarƙashin tebur kusa da injin, ba mai tunawa da su sai ranar da suka ƙi tashi. A cikin irin waɗannan na daɗe ina cire faifai mai juyi ina saka ƙaramin SSD, wato faifan ajiyar bayani da ba ya juyi, mai GB 120 ko 128, wani lokaci 240, irin mai arahar nan da kowa ke iya saye. Masu shago sun sha tambayata ko abin ya ci kuɗinsa. Ya ci, kuma zan faɗi inda ya ci da inda yake ba da kunya.

Mai sayarwa zai fara yi maka da sauri. A jikin kwalin Kingston A400 mai GB 120 an rubuta yana karanta MB 500 a daƙiƙa, kuma ba ƙarya aka rubuta ba, sai dai tsohon madabod, wato babban allon cikin kwamfuta, mai tsohon bakin faifai na SATA II ba zai bar shi ya kai 300 ba. Duk da haka za ka ga bambanci tun ranar farko. Kwamfutar da a da yaro ke kunnawa ya tafi sayen koko ya dawo, yanzu kafin ya gama share tebur ta tashi. Manhajojin zane irin ArtCAM da CorelDRAW suna buɗewa ba jan ƙafa. Amma injin kansa ba zai ƙara gudu ko da taku ɗaya ba. Fayil ɗin umarnin da ake ba shi, wanda ake kira G-code, rubutu ne zalla. Na yankan ƙofa mai sauƙi sau da yawa bai kai hoto ɗaya na waya nauyi ba, na sassaƙar fure mai zurfi ne ke kai 'yan MB. Gudun yanka yana hannun motocin injin da wuƙar da taurin katako. Wanda ya sayi SSD don ya gama ƙofa goma a lokacin da yake gama biyar, an yi masa daɗin baki.

Wani maigidan kafintoci a Mabera, ranar da na miƙa masa SSD ɗin, sai da ya jinjina shi a tafin hannu ya juya shi baya da gaba.

"Injiniya, wanga ɗan abu da ba shi da nauyi shi za ya riƙe mani injin? Ko dai kuɗi kaka so?"

Na ce, "Ranka shi daɗe, rashin nauyin nan shi nake sayar maka. Babu abin da ke motsi a cikinsa."

Maganar ke nan gaba ɗayanta. Faifai mai juyi aikinsa irin na garmaho ne: faranti yana juyawa, sau 7200 a minti a na kwamfutar tebur, 5400 a yawancin na laftof, ga ɗan hannu mai kai yana shawagi a samansa yana karatu, tazarar da ke tsakaninsu ko kusa ba ta kai kaurin silin gashi ba. An yi shi ne don teburin da ba ya motsi. To ka ɗauke shi ka ajiye taku biyu daga injin da ke cin madaci tun safe har la'asar. Ƙasa na rawa, kwamfiresa na bugawa a gefe, yaro ya zo wucewa da falanki ya mangari akwatin. Ba ranar zai mutu ba. A hankali wasu wurare a jikin farantin ke lalacewa, kwamfuta ta riƙa komawa tana sake karanta wuri ɗaya, ka fara jin ƙas-ƙas daga ciki, linzami ya riƙa daskarewa.

A ofis wannan ɓacin rai ne kawai. A kan injin sassaƙa asara ce, musamman masu aiki da Mach3, manhajar tuƙa injin, ta tsohon bakin firinta mai rami 25. A wannan tsari kwamfutar ce da kanta ke aika wa motocin injin bugun da ke sa su motsi, dubbai a kowace daƙiƙa. Idan ta daskare a tsakiyar aiki, injin ya tsaya cak, wuƙa kuwa tana ci gaba da juyawa wuri ɗaya. Na ga kan gadon amarya da haka ta faru da shi: an kusa gama furen tsakiya, sai ga baƙin tabo zagayayye ya ƙone a daidai inda ido zai fara sauka. Aka kashe aka kunna, aka koma neman sifilin da aka fara aikin daga kansa, layin bai sake hawa daidai ba. Kuɗin katakon nan kaɗai ya fi na SSD ɗin, ban da yinin da ya tafi, ban da uban amarya da ke ta kiran waya. Tun da aka sauya faifan a shagon, daskarewar ba ta dawo ba.

Mutane suna ɗauka ƙura ce ke kashe faifai. Ba kai tsaye ba, don faifai mai juyi a rufe yake, ɗan ramin da yake shaƙar iska ma da matata a bakinsa. Zafi ƙura ke kawowa. Ka buɗe kwamfutar shagon kafinta a ƙarshen hunturu ka gani: garin MDF ya haɗu da ƙurar hazo ya danƙare a haƙoran ƙarfen da ke sanyaya furosesa, har sai ka sa tsinke ka ɓamɓaro shi falle-falle, launin toka da ja-ja. Fankar fawa-fak tana juyawa da kyar, tana kuka. Daga nan sai Maris da Afrilu su shigo, zafin gari ya haura digiri 40, shagon kwano ya fi haka, cikin akwatin ya fi na shagon. SSD yana da ɗan sauƙi a nan, don wutar da yake ci kaɗan ce, zafin da yake fitarwa ma kaɗan ne, kuma Kingston ya rubuta cewa A400 yana aiki daga digiri 0 har 70. Amma ba zai ceci furosesa ko fawa-fak ba. Bulowa duk mako biyu ba ta da madadi, kuma a fitar da akwatin waje a hura, a riƙe fankar da yatsa kada iska ta wulwula ta.

Yanzu inda ba na yabonsa: ɗauke wuta. Kowane SSD yana riƙe da wani jadawali a cikinsa na inda ya ajiye kowane ɗan guntun bayani, kuma kullum cikin sabunta shi yake. Masu tsada, waɗanda ake yi don manyan kwamfutocin kamfanoni da ake kira saba, suna da 'yan kafasito da ke ba su damar kammala rubutu idan wuta ta yanke. Masu arahar nan ba su da su. Mafi yawan lokuta ba abin da ke faruwa, an dawo da wuta, kwamfuta ta tashi, abin da ya ɓace bai wuce fayil ɗin da ake kan ajiyewa ba. Amma akwai ranar da yankewar za ta faɗo a daidai lokacin da yake gyara jadawalin, ka kunna, BIOS, manhajar da ke fara tayar da kwamfuta, ta ce ba ta ga faifai ba kwata-kwata. A garin da ake sauyawa daga wutar gari zuwa janareta a tsakiyar aiki, wannan ba abin wasa ba ne. Shi ya sa ba na saka wa mutum SSD sai na ga UPS, akwatin batirin nan mai riƙe wuta, a bayan kwamfutar. Ƙarami ya isa, wanda zai riƙe ta har a sauya layi ko a kashe ta yadda ya kamata. Kuma a riƙa gwada shi, a zare filogi a gani, domin batirin cikinsa mai bolt 12 ba ya jure zafin Sakkwato. Na sha tarar da UPS yana ta haska koren fitila alhali batirin ya kumbura tun bara.

Akwai tsoron da ya yaɗu cewa SSD yana ƙarewa, wai rubutu na cinye shi. Da gaskiya a ciki, amma a yi lissafi. Kingston A400 da Crucial BX500 masu GB 120 kowannensu kamfaninsa ya lamunce masa rubutun TB 40, masu 240 kuma TB 80, da garantin shekara 3. TB 40 wajen GB dubu 40 ke nan. A ce kwamfutar injin tana rubuta GB 5 kullum, wanda da wuya ta kai, kwana dubu 8 ke nan, sama da shekara 20. Madabod ɗin zai riga shi. An ce araha ba ta ado, to a wannan aikin ba ado ake nema ba. Samsung 870 EVO ya fi su inganci, yana da ƙwaƙwalwar DRAM da waɗancan ba su da ita, amma a kwamfutar da aikinta karanta ɗan fayil ɗin umarni ne ba za ka ga inda ƙarin kuɗin ya shiga ba. Gara ka riƙe rarar ka sayi na biyu.

Na biyun nan shi ne zuciyar maganata, don SSD ba ya sallama idan zai mutu. Faifai mai juyi yakan yi makonni yana kuka, mai kunne ya ji ya kwashe kayansa. Shi wannan jiya lafiya lau aka rufe shago, yau babu shi, kuma ciro bayani daga mataccen SSD ya fi na faifai mai juyi wahala nesa ba kusa ba. Abin da ke ciki kuwa ba Windows ba ne abin ji, Windows ko'ina akwai. Saitin injin ne. Bugu nawa mota ke buƙata kafin ta matsa milimita ɗaya, wane rami ke riƙe da wace waya, iyakar gudun kowane ɓangare, inda makunnan iyaka suke. A Mach3 duk wannan yana cikin fayil ɗin XML guda ɗaya a jakar manhajar. A takwararta LinuxCNC yana cikin fayilolin ini da hal. Injinan China masu manhajar NcStudio kuma suna da katin PCI da direbansa, wanda tsofaffin nau'o'insa ba sa aiki sai a Windows mai bit 32. Wanda ya kafa injin ya zo ne daga Legas ko Kano shekarun baya, lambarsa ba ta shiga, faifan CD ɗin da ya zo da injin kuwa yara sun daɗe da yin wasa da shi. Ranar da faifan nan ya tafi da saitin, injin na miliyoyi zai zauna sati ko fiye, kuma irin wannan rana ba ta zuwa sai ana saura kwanaki kaɗan biki ko Sallah.

Don haka nake cewa a sayi biyu rana ɗaya. Idan na gama saita na farko, injin ya yi gwaji ya fito daidai, sai in kwafe shi gaba ɗaya zuwa na biyu da Clonezilla, manhajar kyauta ce. Ba na tsayawa nan. Ina zare na farkon in saka na biyun, in tayar da kwamfutar da shi, in sa a yanka ɗan zagaye a kan guntun katako a auna da tef. Wasu manhajoji suna gane an sauya faifai su nemi a sake buɗe su, wasu kuma sai da dongul ɗinsu, ɗan makullin nan mai kama da filas, a jiki, gara a gano haka yau ina tsaye. Sannan in rubuta sunan injin da kwanan wata da maka a bayansa, in ba maigida da kansa, in ce ya kai gida. Kada a bar shi a shago. Wanda ya ga gobarar Babbar Kasuwar Sakkwato ta Janairun 2021 ba sai an yi masa dogon bayani ba. Ranar da na ciki ya mutu, kusoshi biyu da wayoyi biyu ne, babban yaron shago ma zai iya idan an nuna masa sau ɗaya.

Sai dai shi ma na ajiyar ba a mantawa da shi. SSD yana riƙe bayani ne da ɗan cajin lantarki da aka kulle a cikin ƙwayoyinsa, cajin kuwa yana tsiyaya a hankali idan ba a kunna shi, zafi kuma yana ƙara masa gudu. Ƙa'idar JEDEC, ƙungiyar da ke tsara ma'aunin irin waɗannan kaya, ita ce SSD na gama-gari da ya cinye adadin rubutunsa ya riƙe bayani shekara 1 a kashe a digiri 30. Sabo yana wuce haka sosai, amma ɗakunanmu suna wuce digiri 30 watanni da yawa a shekara. Ni nakan ce a kawo shi a sabunta kwafin sau biyu a shekara, kafin azumi da bayan damina, lokacin da dama an ƙara sababbin zane. Tsohon faifan da aka cire, idan da sauran rai, a naɗe shi a ajiye shi ma. Ba ya cin abinci.

Ga 'yan uwana masu gyara, kwamfutocin XP suna da tarkonsu. XP bai san TRIM ba, umarnin da ke gaya wa SSD wuraren da aka goge don ya share su, Windows 7 ne ya zo da shi a 2009. Kuma XP yana fara rabon faifai daga sashe na 63, wanda bai dace da yadda SSD ke tsara shafukansa ba, Windows 7 kuwa daga 2048 yake farawa. Idan dole XP ne saboda katin injin, ka raba faifan da Windows 7 ko GParted tukuna, ka bar wajen kwata ɗinsa ba ka taɓa ba, ka kashe difirag. Idan ka kwafe ka kunna sai shuɗin allo mai lamba 7B ya tare ka, shiga BIOS ka mayar da SATA daga AHCI zuwa IDE. Clonezilla kuma ba ya son a kwaso daga babban faifai zuwa ƙarami, sai ka fara rage rabon tsohon ya dawo ƙasa da girman sabon. Tsofaffin kwamfutocin da ba su da bakin SATA ko ɗaya, masu faffaɗar waya mai rami 40, akwai ɗan adafta da ke haɗa su, yana aiki, amma a manne shi da kyau. Microsoft ya daina kula da XP tun Afrilun 2014, Windows 7 kuma Janairun 2020, saboda haka kwamfutar injin ba ta da abin yi a intanet.

Ƙanƙantar ma tana da wani amfani da ba a rubuta a kwali ba. Windows 7 mai bit 32 GB 16 yake nema, manhajar injin da zane-zane su ɗauki kaɗan, sauran ya ishi aiki amma bai ishi finafinai ba. Faifai mai GB 500 a shago kuwa, ka buɗe shi ka ga abin da yara suka tara: finafinan Indiya, waƙoƙi, wasan ƙwallo, duk ta filas ɗin da ya zaga shagunan turi na unguwa ya kwaso bairos.

Wajen saye ne ake cutar mutane. Kayan suna zuwa daga Kano ko kasuwar kwamfuta ta Ikeja, wani lokaci a sako maka a mota ka karɓa a tasha ba ka ga mai sayarwa ba, kuma jabu yana sanye da sunayen manyan kamfanoni. Kada ka yi hukunci da nauyi, na gaskiyar ma idan ka buɗe shi ɗan ƙaramin bod ne a lungu, sauran gwangwanin fayau. Ka saka shi a kwamfuta ka buɗe CrystalDiskInfo. Za ta nuna maka awa nawa ya yi a kunne da yawan abin da aka taɓa rubuta masa. An taɓa kawo mini wani a cikin leda mai sheƙi a matsayin sabo, manhajar ta nuna ya yi dubban awoyi yana aiki a wani wuri. Sannan ka sake shi da H2testw ta cika shi ta karanta, don akwai waɗanda ke cewa su GB 240 ne alhali cikinsu bai kai ba, sai ka wuce iyakar gaskiyar su fara taka tsohon bayani ba tare da sun ce uffan ba. Ka yi wannan gwaji kafin ka ɗora saitin injin, kuma ka yi ciniki da mai shagon da zai karɓi kayansa idan ya faɗi gwajin. Masu GB 120 sun fara wuyar samu, idan 240 ko 256 ka tarar ba laifi, tazarar kuɗin ba ta da yawa.

Ba kowane shago nake ba wannan shawara ba. Kwamfutar firintar bana mai manhajar Maintop tana narka manyan hotuna, aiki ɗaya yakan haura GB, lokacin siyasa kuwa fosta ba ta yankewa. A nan mai 120 zai cika cikin ɗan lokaci, kuma waɗannan marasa DRAM idan suka kusa cika suna yin nauyi ƙwarai. A sa mata 480, ko a bar Windows a kan ƙaramin a ajiye ayyukan kwastomomi a faifai na dabam. Injin sassaƙa mai rimot ɗin DSP a hannu, da injin leza ko na aikin wuyan riga da ake ba su zane ta filas, su ba kwamfuta ke tuƙa su ba, SSD zai taimaki mai zane ne kawai. Manyan masana'antu irin kamfanin siminti na Kalambaina kuma lissafinsu dabam ne, akwai faifan da aka yi musamman don irinsu, ba da su nake ba.

Abin da ya fi mayar da ni shago bayan na saka SSD ba shi kansa ba ne, wayarsa ce. Girmansa inci 2.5 ne, gurbin tsofaffin akwatuna kuwa na 3.5 ne, sai wasu su bar shi yana lilo a jikin waya tunda ba shi da nauyi. Girgizar da ba ta iya yi wa cikinsa komai tana sassauta bakin SATA a hankali, wata rana kwamfuta ta ce babu faifai, maigida ya kira ni hankali tashe yana cewa ya mutu, in zo in tura waya da babban yatsa ta tashi. A ɗaure shi da kusoshi ko da biyu ne a gefe ɗaya, ko da igiyar roba mai zarge, kuma a nemi wayar SATA mai ɗan makullin ƙarfe a baki, wadda sai an danna take fita.